Ƙumbar da Ke Kallon Ƙofa

Shafi na 23

Na ga saƙonninku tun jiya. Masu cewa Kenshin ne, masu cewa kyanwa ce, har da wadda ta ce ni ce nake tashi cikin barci ina juya ta. Na gode, 'yar'uwa. Ku gyara zama, yau za ku san ko waye.

Waɗanda suka shigo yanzu, ga inda muke. Ni ce Minori. Na bar aikina a wani gidan kifaye a birnin Naha na dawo tsibirinmu bayan rasuwar babana. Shi manomin ƙumbar teku ne, manyan nan da muke kira ajike. Zafin ruwan bara ya cinye gonarsa, aka ce ɗaya tak ta tsira, shuɗiya, girman tasa. Ita na saka a tankin gilashi a ɗakin gaba na gidan kakata. Kawu Seikichi, wan babana kuma shugaban ƙungiyar masunta, ya faɗa gaban kowa: in ta rayu ta kama dutse kafin tseren jirage na Hari, fegin babana na cikin teku nawa ne. In ta mutu, na ɗansa Kenshin ne. To, kullum na dawo daga ɗebo ruwan teku da safe, sai in tarar an kwantar min da ita gefe guda, zaren gindinta a tsinke.

*

Da yamma na sami Kenshin a bakin tashar jiragen ruwa, zaune kan kifaffen bokiti yana ɗinkin koma. Gefensa masunta na shafa wa jirgin tsere jan fenti.

"Niinii Kenshin," na ce, wato Yaya Kenshin.

Ko ɗagowa bai yi ba.

"A'a, likitar ƙumba! Yaya mai jiki?"

Mazan suka kwashe da dariya. Na bar su suka gama.

"Miƙo hannunka."

"Duba za ki yi min? Ki duba min ko zan yi aure bana."

"Ɓawonta yana da kaifi. Duk wanda ya taɓa ta sai ya yanke. Miƙo."

Ya ajiye komar, ya buɗe min tafukansa biyu. Yankan ƙugiya, yankan igiya, yankan wuƙa, sabo kan tsoho.

"Zaɓi wanda ya yi miki," in ji shi. "Masunci ne ni, Minori. Wanne a ciki ne na ƙumbarki?"

Wani tsoho daga ƙarƙashin jirgin ya ɗaga murya: "Yarinya, ki kawo ta mu yayyanka da daddawar miso tun ba ta yi wari ba! Abinci kika kulle a gilashi kina yi masa fifita!"

"In kun ci ta ku ci digirin nata ma," wani ya ƙara.

Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan mutanen su ne suka tsaya suna kallo ina jan jarkoki daga bakin ruwa zuwa mota, safiya bayan safiya, gishiri ya farfasa min hannu har ban iya riƙe tsinken cin abinci. Ko ɗayansu bai taɓa cewa kawo in kama miki ba. Ban kuma taɓa roƙa ba.

"Ranar Hari," na ce, "zan ɗauko kujera in zauna gaba in kalli yadda ƙauyen gabas za su sake barin ku a baya kamar bara. Ku shafa fentin da kyau, shi kaɗai za a yaba."

Tsohon ya koma ƙarƙashin jirgi.

Kenshin ya miƙe. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ina son fegin nan, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma babanki ne ya koya min nutso. Shi ya riƙe min ƙafa ranar da na fara shiga ruwa. Kina ganin zan shiga gidansa in kashe abin da ya bari?"

"Wani dai yana shiga."

"Rabona da gidanku tun zaman makoki."

Na kalli idonsa. Abin haushin, ban ga ƙarya a ciki ba.

*

Washegari na yi komai yadda na saba. Na loda jarkoki a bayan mota, na leƙa madafa.

"Obaa, na tafi ɗebo ruwa."

Kakata tana durƙushe gaban murhu tana kunna turare. Shekarunta sun haura tamanin, tsayinta bai wuce kafaɗata ba.

"Ki dawo lafiya. Ki sha shayi mana."

"In na dawo."

Na tayar da mota da ƙarfi yadda duk unguwa za ta ji. Ina shan kwana na kashe ta a bayan gonar rake, na tuɓe takalmi, na dawo a ƙafa ta lungun maƙwabta. Na laɓe jikin tagar ɗakin gaba.

Ga tankina nan, fitilarsa ta kunna kanta. Ga 'yar shuɗiyata zaune kan dutsenta, bakinta sama, yadda na gyara ta jiya. Leɓenta da a da yake zubowa har ya rufe ɓawo, yanzu ya ja ciki, launin ya koɗe kamar rigar da ta sha wanki.

Na zuba wa ƙofar waje ido. Ina jiran ɓarawo daga titi.

Sai na ji ana jan kujera daga cikin gida.

Ƙiiiii.

Obaa ce. Tana jan 'yar kujerar katako da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da doguwar muciyarta ta juya ruwan rake. Ta jingina kujerar jikin tanki. Ta haye. Ta naɗe hannun riga.

"Yi haƙuri, 'yar nan," ta ce wa ƙumbar. "Kullum sai ta mayar da ke kina kallon rufi. Me za ki gani a rufi?"

Ta zura muciyar cikin ruwa.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba.

"OBAA!"

"Akisamiyo!"

Kujerar ta yi gefe. Na tare Obaa da ƙirjina, muka zube tare kan tabarma, muciyar ta yi tsalle ta bugi bango. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Zuciyarta na bugawa a hannuna kamar ta tsuntsu.

"Kin ji ciwo?"

"Sake ni! Wace irin tarbiyya ce wannan? Ki tsorata tsohuwa a gidanta?"

"Ke ce?"

"Ni ce me?"

"Obaa, ke ce kike kwantar da ita!"

Ta gyara ɗaurin kanta, ta ɗauke kai.

"Gyara ta nake yi."

"Gyara? Jiya na je tasha na ci mutuncin Kenshin gaban maza! Na canza kwaɗon ƙofa! Na daina cin abinci! Kina kallona!"

"Ai ban hana ki ci ba. Ni na dafa."

"Kashe ta kike yi!"

"Kul!" Ta nuna ni da yatsa. "Kar ki sake faɗa min haka. Tun ba a haifi uwarki ba nake hulɗa da ajike. Kin taɓa ganin ajike a gidan nan ko wani gida tana kallon sama? Fita ki zaga garin nan. Kan katanga, kan ginshiƙin ƙofa, duk inda aka aza ɓawonta haƙoranta hanya suke kallo. Don mugun abu in ya taho ya ga baki a buɗe ya juya. Wannan ma sai an je Naha za a koya?"

"Waɗancan ɓawo ne, Obaa. Matattu ne. Wannan tana da rai."

"Shi ya sa ta fi ƙarfi."

Na rufe ido na ja numfashi. Na durƙusa gabanta.

"Saurare ni. Ba ta cin abinci irin na kifi. Haske take ci. A cikin naman leɓenta akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke dafa mata abinci da hasken nan na sama. In kin kwantar da ita gefe, kin kife mata tukunya. Sannan a gindinta akwai wani rami da take fitar da zare ta kama dutse. Kullum sai ta yini tana saƙawa, ke kuma da safe ki tsinke. Ranar da kika fizgo zaren tare da namansa, shi ke nan, babu likitan da zai iya."

"Ai a hankali nake yi."

"Da muciya?"

Ta juya tana kallon bakin ƙofa. Na bi idonta. Babu komai wurin sai takalman roba da lema.

"Akwai ɓawo kan ginshiƙin ƙofar nan," ta ce, muryarta ta sauka. "Kin tuna?"

"Na tuna. Na ɗauka iska ce ta tafi da shi."

"Guguwar bara ce ta jefo shi ya rabe biyu. Na ce wa babanki ya samo wani. Ya ce bari ruwa ya huce, yanzu yana fama da gona. Na yi shiru. Da na buɗe baki na tambayi maƙwabta, wa zai hana ni? Amma na ce gobe, na sake cewa gobe." Ta nuna dandamalin ƙofar da haɓa. "Nan ya faɗi. Ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Da buhun shinkafa a kafaɗarsa."

"Obaa, jijiya ce ta fashe a kansa. Likita ya faɗa."

"Likita ya faɗi abin da ya fashe. Bai faɗi abin da ya shigo ba."

Na dubi dandamalin.

"Na aza sabon ɓawo bayan an binne shi," ta ci gaba. "Amma hankalina bai kwanta ba. Sai ga ki kin shigo da wannan, wadda shi ya raina da hannunsa tun tana kamar ƙwayar wake. Na ce to, ga mai gadi ya aiko. Kuma ke kullum da asuba ki fita ta ƙofar nan, ki shigo ta ƙofar nan, da kaya a kafaɗa kamar shi. In zauna ina kallo? Na ba ƙofar nan ɗa. Ba zan ba ta jika ba."

Na matsa kusa da ita. Na kama hannunta. Yatsunta duk ƙananan yanka ne, sababbi, ta shafa musu man kwakwa. Hannun da ya kamata in duba ke nan tun farko, kullum yana miƙo min kwanon miya.

Amma ba zan bar ta ta kashe min ƙumba don na ji tausayinta ba. Ku da kuka biyo ni tun shafin farko kun san ni.

"Obaa, bari in tambaye ki. Mugun abun nan, dole sai bakin ya juyo wajensa, ko ganin haƙoran kawai ya ishe shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa min."

"In ya gani ai ya gani."

"Yana da wayo?"

"Mugun abu? Ina ya ga wayo? Abin da ko kwana ba ya iya sha, sai dai ya miƙe sambal."

Na miƙe da gudu.

"Ina za ki?"

"Ɗakinki!"

"Me za ki yi a ɗakina? Minori! Ke!"

Na kwance madubin jikin durowarta, dogon nan da ta zo da shi gidan miji. Tana bina a baya tana faɗa, ina jan sa. Na haye kujera, na ɗaura shi da igiyar kamun kifi jikin katakon rufi, bayan fitilar tankin, na karkato kansa ƙasa yana fuskantar ƙofa.

"Saura ita," na ce. "Wannan shi ne taɓi na ƙarshe. Ni da ke, babu mai sake sa mata hannu."

Na wanke hannuwana har gwiwar hannu da ruwan zalla, babu sabulu. Na zura su a hankali, na tallabo ta daga ƙasa. Na karkata ta a cikin ruwan na leƙa gindinta, numfashina a tsaye. Zaren ya yi buzu-buzu, amma farin naman yana nan a raminsa, bai yage ba.

"Yaya?" in ji Obaa.

"Da saura."

Jikin ɓawon na ga ƙananan dodon-koɗi farare, kamar ƙwayar shinkafa, irin masu tsotse ta in sun ga ta raunana. Na ce Obaa ta miƙo min tsohon buroshin haƙori. Na kankare su ɗaya-ɗaya, tana tara su a murfin kwalba tana zaginsu har iyayensu. Na girgiza ƙumbar a hankali, iskar da ta maƙale a cikinta ta fito ɓul-ɓul. Na zaunar da ita cikin kwarmin dutsen, baki sama, daidai ƙarƙashin fitila. Na tokare ta da ƙananan duwatsu dama da hagu. Na kau da bakin famfon tankin don kar ruwa ya riƙa dukanta kai tsaye.

Na janye hannu. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallo.

Lafiyayyar ƙumba tana da idanu a gefen leɓenta, ɗige-ɗige kamar an yayyafa. In inuwa ta gifta sai ta zabura ta rufe. Tawa ta kwana biyu ba ta yi. Na ɗaga tafina na gifta tsakaninta da fitila.

Babu komai.

Na sake.

Leɓen ya motsa. Ɓawon ya ja, ƙaf, ruwa ya yi tsalle ya fantsamo min a fuska.

"Ta gan ni! Obaa, ta gan ni!"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Matsa."

"Ina za ki?"

"In gwada aikinki."

Ta zura takalman roba ta fita har titi. Na ji ta tana gyaran murya. Sai ga ta ta taho, ta ƙanƙance ido, ta ɗaga yatsu kamar farce.

"Ni ce mugun abu! Ga ni nan tafe! Wa zan ci a gidan nan?"

Ta sa ƙafa a dandamali, ta ɗaga kai. Cikin madubin, baki ne shuɗi a wangame, haƙora a sarƙe, daidai tsayin fuskar mai shigowa.

Ta ja da baya har ta taka lema.

"Akisamiyo! Ai ta fi girma a nan!"

"Ya yi?"

Ta ƙara matsowa, ta koma, ta leƙa ta hagu, ta leƙa ta dama.

"Karkato shi kaɗan. Mai gajeren wuya zai iya wucewa ta ƙasa."

Ina kan kujera ina gyara igiya, muna dariya har hawaye, sai muka ji an tsaya da babur a waje.

Kawu Seikichi ya shigo babu sallama, Kenshin a bayansa. Yana ɗaga kai ya yi ido biyu da madubin, ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Mene ne wannan kuma?"

"Ka ga," Obaa ta ce min, "har ya fara aiki."

Kenshin ya juya baya yana tari. Kawu bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Minori, sauko. An ce jiya kin je tasha kin kira ɗana ɓarawo gaban mutane."

Na sauko. Na juya wajen Kenshin na sunkuyar da kai.

"Niinii, na zarge ka kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe min."

Na ɗago kai.

"Shi na ba haƙuri," na ce wa Kawu. "Maganar fegi tana nan."

"Babu maganar da take nan. Kowa ya san abin nan ya buɗe baki, mutuwa yake. Na bar ki kin yi wasanki don darajar ƙanena. Ya isa. Ki koma Naha inda ake biyan mutum don ya ciyar da kifi. Teku ba makaranta ba ce."

"Ka ce ranar Hari."

"Ni na faɗa, ni zan janye."

"Gaban ƙungiya ka faɗa. Sai ka je gabansu ka janye, in zo in ji."

"Kina ji ko, Inna? Kin ji abin da karatu ya mayar da ita?"

"Tun tana goye haka take," in ji Obaa. "Kai ta biyo."

Kenshin ne ya katse mu. Ya matsa jikin gilashin.

"Minori. Me take yi haka?"

Na juya. Ƙumbar ta buɗe sosai, ta kumbura, sai ta matse da ƙarfi. Wani farin abu ya feso daga 'yar ƙofar da ke saman leɓenta kamar hayaƙi. Ta sake buɗewa. Ta sake matsewa. Farin ya bazu, ruwan ya fara komawa kamar an tsiyaya madara.

"Shi ke nan," in ji Kawu. "Tana aman ranta."

Na matsa na ƙura wa farin ido.

"Ba mutuwa take ba! Haihuwa za ta yi!"

"Me?"

"Obaa, tiyo! Yana bayan ƙofa! Niinii, bokitai, duk wanda ka gani!"

Na cusa tiyon cikin tanki, na zuƙa har ruwan gishiri ya cika min baki, na tofar, na jefa bakinsa ta taga. Ina yi ina magana, ban san ma wa nake yi wa ba.

"Lokacinsu ne, ga kuma wahalar da ta sha. In suka ji an matsa musu sai su zubar da duk abin da ke cikinsu. Ita ce namiji, ita ce mace. Wannan farin na namiji ne, shi take fara fesowa. In ya ƙare ta ɗan huta, sai ƙwai su biyo. Dubbai kan dubbai! Gonar babana gaba ɗaya tana cikin cikinta!"

"To ai abin murna ne," in ji Obaa, tana rungume da bokiti.

"In ban fitar da farin ruwan nan ba zai ruɓe ya shaƙe ta. Durom ɗinmu na ruwan teku rabi ne, ba zai isa ba. Niinii, motata tana bayan gonar rake, makulli na jiki, jarkoki na baya. Don girman babana."

Ya riga ya nufi ƙofa. Sai ya tsaya.

"Ƙwan fa? In sun fito me za ki yi da su?"

Nan murnar ta tsinke min.

"Babu," na ce. "In nata ya haɗu da nata, 'ya'yan ba sa rayuwa. Sai da farin wata ƙumbar, irinta. Da akwai ko guda, in tsoma ta cikin ruwan nan, ƙanshinsa kaɗai zai sa ta feso nata. Amma duk sun mutu."

Kenshin bai motsa ba. Ya kalli tankin. Ya kalli ubansa.

"Je ka ɗebo mata ruwan," Kawu ya ce da sauri. "Me kake jira?"

"Baba."

"Na ce ka tafi."

"Ba duka suka mutu ba, Minori."

Tiyon ya suɓuce daga hannuna.

"Kenshin!" Kawu ya daka masa tsawa.

"Tun kafin zafin ruwan ya gama da su muka kwashe manyan. Babanki yana kwance a asibiti. Baba ya ce a kai su ruwa mai sanyi, daga baya a faɗa masa. Bai farfaɗo ba. Da kika dawo kuma, Baba ya ce a yi shiru, su ne irin da zan fara da shi in fegin ya zama nawa." Ya dube ni. "Ni na nutsa na ajiye su. Suna nan da ransu. Shuɗaye, irin wannan."

Na dubi Kawu. Mutumin da ya dafa kafaɗata ranar binne babana ya ce, yarinya, teku ta karɓi kayanta, ki yi haƙuri.

"Da ban kwashe su ba da sun mutu," in ji shi. "Ni na cece su."

"Ka cece su," na ce. "Ka kuma tsaya kana kallona ina jan jarkoki don guda ɗaya."

Obaa ta ajiye bokitin a hankali. Ta tako har gaban ɗanta. Kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Seikichi. Kayan ƙanenka?"

"Inna, ba za ki gane ba."

"Kayan mamaci ka ɓoye wa marainiya, sannan ka zo kana kunna masa turare a gidana?"

Ya kau da kai.

"Niinii, suna ina?"

"Bayan duwatsun murjani na cikin teku, ƙarƙashin tutar ƙarfe ta arewa. Akwai wani kogo a jikin gangaren, cikin kejin waya suke."

"Makullin jirgi," na ce wa Kawu.

Kawu ya yi wata 'yar dariya.

"Leƙa waje ki gani, mai digiri. Ruwa ya janye. Jirgina na zaune kan yashi, ba zai tashi ba sai la'asar."

"Sai in taka."

"Ki taka murjani har bakin gangare? Sannan ki nutsa inda igiyar ruwa ke karyewa, ki ɗauko dutse mai nauyin jariri ki dawo da shi? Maza ma da igiya a ƙugu suke shiga wurin."

"Bari in je ni," in ji Kenshin.

"In ka tafi wa zai ɗauko ruwa? Jarka biyu-biyu kake ɗauka, ni ɗaya. Kai ruwa, ni kogo. Obaa, ki tsaya nan. In kin ga ƙananan ƙwayoyi kamar gero sun fara fitowa, ki tare su da kwano tun daga bakinta ki juye a bokiti mai tsabta. Kar ki taɓa ta."

"Ko da yatsa," in ji Obaa. "Gudu, Kenshin!"

Ya fice kamar an harba shi. Na fizgo gilashin nutso da buhun raga daga jikin ƙusa, na zura takalman roba. Ina juyowa na tarar Kawu ya cika ƙofa, hannu ɗaya a wannan ginshiƙi, ɗaya a wancan.

"Babu inda za ki."

"Matsa, Kawu."

"Na binne ƙanena. Ba zan je in tsamo 'yarsa daga ƙarƙashin dutse ba. Ki tsane ni in kin ga dama."

Idonsa ya yi ja. Kuma na ga da gaske yake, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Minori," Obaa ta kira daga jikin tanki. "Ta daina fesowa. Ta yi shiru. Tana ta kumbura."

Shirun nan na san ma'anarsa. Ƙwan sun taso.

Na kalli Kawu. Na kalli ƙofar da ya tare. Na kalli tagar da tiyo ke zubar da farin ruwa.

"Kar ki kuskura," in ji shi.

Na dafa katakon tagar, na yi tsalle.